Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinonin Shari'a Na Jihohin Arewa Kan Yaran Da Aka Kama Da Laifin Kisa

Masu girma Kwamishinonin Shari'a kuma Antoni-Janar na jihohin Arewa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ranku ya daɗe, Allah ya taya ku riƙo.

Ni dai ba lauya ba ne. Magatakardar kotu ne da ya yi ritaya, bayan shekaru masu yawa a ɗan teburin nan da ke ƙasan kujerar alƙali, ina kiran ƙara, ina rantsar da shaidu, ina yi wa wanda ake tuhuma tafinta. Mai wannan aiki ya fi kowa kusa da akwatin da ake tsayar da wanda ake zargi, don haka yakan ga rawar hannu da bushewar leɓe waɗanda ba a hangowa daga sama. Abin da ya sa na rubuto muku shi ne wani ɗan gurbi a takardar tuhuma, faɗinsa bai kai ɗan yatsa ba, inda ake rubuta shekarun mutum.

Wata safiya aka kawo mana wani yaro bisa zargin kisa. Gardamar ƙwallo ce ta zama faɗa, wuƙa ta fito, aka rasa rai. Takarda ta ce shekarunsa 18. Da na karanta masa tuhumar ya amsa, sai na ji muryar da ba ta gama buɗewa ba, na dubi fuskarsa ko gashin baki babu. Bayan an tashi na tare ɗan sandan da ya kawo shi a baranda, na ce, "Ofisa, tsakaninka da Allah wannan yaron ya kai 18?" Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Malam, in na rubuta 15, ina zan kai shi?" Ban samu amsar da zan ba shi ba, kuma har yau ban ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Aka tura yaron gidan yari cikin manya, jiran shawarar lauyoyin gwamnati, lambar nan ta 18 kuwa ta bi shi daga fayil zuwa fayil kamar sunan yanka.

Shawarar da ake jira ɗin nan daga ofisoshinku take fitowa, shi ya sa ku na nufa da wannan wasiƙa. Kun fi ni sanin sashe na 50 na Pinal Kod, kundin dokokin laifuka na Arewa: yaron da bai kai shekara 7 ba ba shi da laifi ko me ya aikata, wanda kuma ya wuce 7 bai kai 12 ba sai an ga yana da hankalin da zai gane abin da ya yi da abin da zai haifar. An zartar da kundin a 1959, zamanin Sardauna, an kwaikwayo shi daga na Sudan, na Sudan kuma daga na Indiya na 1860, inda waɗannan lambobi biyu suka fito. Maƙwabciyarmu Nijar ta tsaya a kan 13, Ghana 12, kwamitin haƙƙin yara na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya ba ƙasashe shawara a 2019 kada su yi ƙasa da 14. Ɗan shekara 7 da ake maganar gurfanarwa ɗan aji biyu ne a firamare, haƙoransa na nono ba su gama zubewa ba. Ya kamata a ɗaga lambar. Amma wannan ba ita ce ta hana ni barci ba, domin da wuya ka ga ɗan shekara 8 a gaban alƙali kan kisa. Waɗanda muke gani 'yan 13 zuwa 17 ne.

A kan waɗannan yara dokokinmu baki uku suke magana. Tsohuwar dokar tafiyar da shari'un laifuka ta Arewa, wadda muka yi aiki da ita tsawon rayuwarmu, ta ce ba a yanke wa wanda bai kai 17 ba hukuncin kisa, sai dai a tsare shi har lokacin da Gwamna ya ga dama. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce yaro shi ne duk wanda bai kai 18 ba, sashe na 221 ya hana a yanke masa kisa ko a kai shi kurkuku, sashe na gaba kuma ya ba kotu dama ta tsare shi na wa'adin da ta ƙayyade idan laifin babba ne. Sai dokar tarayya ta 2015 kan tafiyar da shari'un laifuka, wadda jihohi suka kwaikwaya kowace da nata gyare-gyaren, ta zo a sashe na 405 ta ce wanda bai kai 18 ba lokacin da ya yi laifin ba za a yanke masa kisa ba, amma ana iya yi masa ɗaurin rai da rai ko wani wa'adi da kotu ta ga ya dace. Ɗaya ta hana kurkuku, ɗaya ta halatta rai da rai. A gefe kuma ga kundin laifuka na Shari'ar Musulunci da jihohi suka fara zartarwa daga shekarar 2000, wanda ya rataya alhaki a kan mukallafi, wato baligi mai hankali. Yaro ɗaya, laifi ɗaya, makomarsa ta dogara da kotun da aka kai shi da littafin da lauya ya buɗe ranar.

Kada a ce zancen takarda ne kawai. Ku tuna yarinyar nan ta Katsina, wadda ba zan kama sunanta ba tun da tana yarinya abin ya faru. An aurar da ita tana shekara 13. A 2006, watanni kaɗan da auren, mijin ya mutu a gobara, aka zarge ta da cinna wutar. Shari'a ta yi ta jan ƙafa har ta girma, ta sake aure, ta haihu. A Disamban 2012 Babbar Kotu ta yanke mata hukuncin kisa, ta shiga gidan yari da goyo. Wadda alƙali ya gani a gabansa mace ce mai jego, wadda ake tuhuma kuwa yarinya ce 'yar 13, kuma tsakanin su biyun akwai shekara shida da gwamnati ce ta ɓata su, ba ita ba. Sai da lauyoyi suka kai ƙarar Najeriya Kotun ECOWAS, ta yanke a 2014 cewa an tauye mata haƙƙi, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna ta soke hukuncin kisan a 2015. Ko bayan nan ba ta shaƙi iskar waje ba sai a 2016. Babu wata sabuwar doka da aka ƙirƙiro don a cece ta. Tsohuwar dokar da ke kan teburin kowa ce aka tsallake tun farko.

Kotun Ƙoli ma ta daɗe da yin magana. A shari'ar Modupe ta 1988, wanda ake tuhuma ya faɗi shekarunsa, lissafi ya nuna bai kai 17 ba ranar da aka yi kisan, alƙalin farko ya ƙi yarda ya yi nasa kintacen, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin kisan saboda ba a gina hukunci a kan kintace. Shekarun ranar laifi ake dubawa, ba na ranar hukunci ba. Aure kuma ba ya ƙara wa mutum shekara ko ɗaya. Nakan ji ana jawo sashe na 29 na tsarin mulki, wanda ya tayar da ƙura a Majalisar Dattawa a 2013, wai matar aure ta zama babba. Wannan sashe maganar ajiye shaidar zama ɗan ƙasa yake yi, ba ruwansa da shari'ar laifi. A 2014 aka gurfanar da wata amarya 'yar shekara 14 a Babbar Kotu da ke Gezawa bisa zargin sa shinkafar ɓera a abinci, mutum huɗu suka mutu har da mijin, masu gabatar da ƙara kuma suna neman kisa. Abin da ya kawo ƙarshen maganar a 2015 shi ne alƙalamin Antoni-Janar na Kano, wanda ya janye ƙarar da ikon da sashe na 211 na tsarin mulki ya ba shi. Na yaba. Sai dai duniya ta ji labarin wannan yarinya, gidajen rediyo na ciki da na waje sun yi ta yayatawa. Yaron da aka kawo daga ƙauye kan faɗan gona, wanda ko kawunsa ba ya da kuɗin motar zuwa kotu, wane ne zai yi masa yekuwa?

Tushen ɓarnar shi ne ba mu da takardar haihuwa. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajista, a karkarar Arewa kuma abin ya fi haka muni. Waɗancan jariran su ne ke shiga ƙuruciya yanzu. Inda babu takarda, ido ne ke yanke hukunci, ido kuwa girman jiki yake gani. Ɗan da ya tashi a gona ko a garejin kanikawa yakan yi ƙwanji tun yana 15. Mun ga ɗaya gefen ma ranar 1 ga Nuwamban 2024, lokacin da aka gurfanar da yaran zanga-zangar tsadar rayuwa a Babbar Kotun Tarayya a Abuja, da yawansu daga Kano da Kaduna, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, wani lauyan gwamnati ya fito ya shaida wa 'yan jarida wai yawancinsu magidanta ne. In ana iya faɗin haka a gaban kyamara, ku ƙiyasta abin da ake rubutawa a caji ofis da tsakar dare.

Alhali gano shekarun Bahaushe ba gagarabadau ba ne in an so. Akwai katin rigakafi. Akwai rajistar firamare da ta Islamiyya. Akwai mai unguwa, akwai ungozomar da ta yanke cibiya, akwai sa'o'insa da aka yi musu kaciya tare, wani a cikinsu yana da takarda. Uwa ba ta manta cewa ta haife shi da azumin shekarar da aka yi zaɓe kaza ko ambaliya kaza. Hoton ƙashi da likita ke ɗauka yana taimakawa, amma kintace ne shi ma, yakan kauce da shekara ɗaya ko biyu, kuma a tsakanin 16 da 18 ɗin nan ne rai yake rataye. Idan an bi duk waɗannan shakka ta rage, a ɗauke shi yaro. Takardar umarni ɗaya daga ofishinku ta isa: kada lauyan gwamnati ya ba da shawara a kan fayil ɗin kisa na matashi sai an haɗa da shaidar shekarunsa a ranar da abin ya faru, da bayanin yadda aka gano su.

To, a ce an gano shekarun daidai, an same shi da laifi, an tsallake igiya. Nan ne rami na biyu yake, kuma shi ne ainihin abin da ya dame ni. Na sha fassara wa yaro hukuncin "tsarewa har lokacin da Gwamna ya ga dama", kuma kusan kullum tambaya ɗaya ce ke biyowa: "Shekara nawa ke nan?" Babu amsa. Wannan kalma gadon Turawa ce. A Ingila, dokar yara ta 1908 ce ta hana rataye 'yan ƙasa da 16, ta ce a tsare su gwargwadon ganin damar Sarki, a 1933 aka ɗaga zuwa 18. Da aka kawo ta nan sai aka cire Sarki aka sa Gwamna. Su masu abin sun daɗe da gyara nasu. A 1993 wasu yara biyu 'yan shekara 10 suka sace wani yaro ɗan shekara 2 a kusa da Libaful suka kashe shi, kisan da ya girgiza ƙasar. Alƙalin da ya yi shari'ar ya ba da shawarar su yi aƙalla shekara 8, Alƙalin Alƙalai ya ce 10, ministan cikin gida Michael Howard, ganin fushin jama'a, ya mayar da shi 15. Kotun ƙolin Ingila ta lokacin ta rushe matakin ministan a 1997, Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai kuma ta yanke a 1999 cewa ƙayyade wa'adin hukunci aikin alƙali ne, ɗan siyasa ba shi da hurumi. Tun daga nan alƙali ne ke faɗin mafi ƙarancin shekarun da yaro zai yi, bayan sun cika wata hukuma mai zaman kanta ta duba ko ya cancanci fita. An saki yaran biyu a 2001. Ɗaya ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ɗayan an mayar da shi kurkuku har sau biyu kan wasu laifuka. Ban ɓoye wannan ba don ku san ban zo da alƙawarin cewa masu dubawa ba sa kuskure ba.

Mu kuwa mun riƙe ƙwaryar mun zubar da furar. Gwamna yana da tsaro da albashi da siyasa a gabansa, yaron da aka tsare zamanin wanda ya gada ko wanda ya gabaci wancan ba ya cikin lissafinsa, sai in an yi sa'a sunan ya shiga jerin afuwar Sallah ko ta 1 ga Oktoba. Ku duba wannan abin mamaki. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ce babban mutumin da aka yanke wa kisa, idan ya gama ɗaukaka ƙara kuma shekara 10 ta wuce ba a zartar ba, Babban Jojin jiha na iya mayar masa da shi ɗaurin rai da rai. Wato an sa wa babba agogo. Yaron da doka ta ce an tausaya masa saboda ƙuruciya shi ba shi da agogo, ba shi da ranar da wani alƙali zai sake ganin fuskarsa. Na taɓa jin wani tsohon gandiroba yana cewa irin waɗannan su ne fursunonin da ba sa kirga kwana a bango, don ba su san inda za su tsaya ba.

Amurka, ƙasar da ba ta yi suna wajen sassauci ga masu laifi ba, ta sha wannan muhawara shekara da shekaru. A 2005 Kotun Ƙolinta ta haramta kashe wanda ya yi laifi bai kai 18 ba. A 2012, a shari'ar Miller da jihar Alabama, ta ce doka ba za ta tilasta wa alƙali ya yi wa yaro ɗaurin rai da rai marar fita ba, dole a bar shi ya auna shekarun yaron, da gidan da ya tashi, da rawar da ya taka, da matsin abokai. A 2016 ta ce hukuncin ya shafi har waɗanda aka ɗaure tun da daɗewa. Wanda ya kai wannan ƙara ta 2016, Henry Montgomery, yana shekara 17 ya harbe wani jami'in tsaro a Luwiziyana a 1963, bai fita ba sai a Nuwamban 2021 yana da shekara 75. Daga nan jihohi suka shiga sake zaman yanke hukunci ɗaya bayan ɗaya, an kuma saki sama da mutum 1,000. A birnin Filadelfiya masu bincike daga jami'ar Montclair sun bi sawun mutum 174 da aka saka, rahotonsu na 2020 ya nuna biyu ne kawai aka sake samu da wani laifi. Amma ku lura da wannan: shi Evan Miller da shari'ar ke ɗauke da sunansa, wanda yana shekara 14 ya lakaɗa wa maƙwabcinsa duka ya cinna wa ɗakinsa wuta, an sake zaman hukuncinsa a 2021, alƙali ya saurari kowa har da iyalan mamacin, ya sake yi masa rai da rai. Sake dubawa daban, saki daban. Abin da ake nema shi ne a zauna a duba.

Hujjar da alƙalan Amurka suka jingina da ita likitoci ne suka kawo: sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai taka wa mutum birki da auna abin da zai je ya dawo, shi ne na ƙarshen nuna, ba ya kammala sai an haura shekara 20 da 'yan kai. Yaro ɗan 15 ya san kisa haramun ne, in ka tambaye shi a zaune zai ba ka amsa daidai. Matsalar tana zuwa ne a cikin daƙiƙa biyar na fushi, abokai na kallo, ana yi masa ihu. Kakanninmu ba su da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, amma sun ce ƙuruciya dangin hauka.

Na san abin da za a fara jefo mini: wannan tunanin Turawa ne, mu Musulmi ne, wanda ya balaga alƙalami ya hau kansa. To mu buɗe littattafan da muka karanta a zaure. Hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har ya warke. Imamu Malik ya faɗa a Muwaɗɗa cewa abin da aka haɗu a kai a wurinsu shi ne babu ƙisasi tsakanin yara, gangancinsu kuskure ne matuƙar ba su balaga ba. Risala ta maimaita haka, ta ɗora diyya a kan dangin yaron idan ta kai sulusin cikakkiyar diyya. Muhtasar ya lissafa alamomin balaga, mafarki da haila da ciki da tsirar gashi, in babu su kuma sai shekara 18, wanda shi ne mashhurin mazhabarmu, ko da yake Shafi'iyya da Hanbaliyya sun tsaya a 15. Lambar 18 ɗin nan da ake cewa daga Janiba, mazaunin kwamitin haƙƙin yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka kawo mana ita tana cikin littafin da malamanmu ke haddacewa tun kafin Bature ya tako ƙasar Hausa.

Ba zan yi wa malamai ƙarya ba: a fiƙihu ɗan shekara 15 da balagarsa ta tabbata mukallafi ne, ƙisasi na iya hawa kansa. Amma wa ya tabbatar, kuma yaushe? Shari'ar da aka fara shekara huɗu bayan laifi, wa zai rantse cewa a waccan ranar yaron ya riga ya yi mafarki? Ƙa'ida sananniya ce cewa shubuha tana tunkuɗe haddi, jini kuwa ya fi komai cancantar a yi masa taka-tsantsan. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ma ta raba balaga da shiriya, ta ce kada a miƙa wa maraya dukiyarsa sai an jarraba shi an ga hankalinsa ya zauna. Sannan ƙisasi haƙƙin magada ne, aya ta 178 a Baƙara ta buɗe musu ƙofar yafewa da karɓar diyya, a mazhabar Malik kuma babban mutumin da ya yi kisan ganganci aka yafe masa bulala 100 ake yi masa da ɗaurin shekara ɗaya. Duk inda ka juya a wannan babi akwai ƙarshe sananne: ko ƙisasi, ko diyya, ko afuwa da horo mai iyaka. Kulle yaro a mance da shi har furfura ta fito masa ba daga littattafanmu aka samo shi ba. Kuma mafi yawan shari'un kisa a jihohinku a Babbar Kotu ake yin su, ƙarƙashin Pinal Kod, inda magada ba su da ta cewa sai dai a kira su shaida.

Magadan nan su ne mutanen da na fi jin nauyinsu yayin da nake wannan rubutu. Na ga uwa ta zo kotu sau fiye da ashirin, tana zama a benci na baya da carbi, kullum a ɗage. Mutanen Kano da aka kashe wa 'ya'ya a kan waya, da na Gombe da suka sha Kalare, da na Bauchi da Sara-suka, da na Katsina da Ƙauraye, da na Yola da 'Yan Shila, in suka ji ana maganar tausayin yaro mai kisa dole ransu ya ɓaci, kuma suna da gaskiya. Wuƙar ɗan 16 ba ta fi ta ɗan 40 taushi ba. Akwai kuma tsoro na gaske cewa manyan 'yan daba da masu ɗaure musu gindi za su riƙa tura ƙanana gaba in sun san hukuncinsu da sauƙi. Ai yanzu ma suna yi. Maganin wannan shi ne a bi wanda ya ba yaron ƙwaya da makami da kuɗin aiki, a tuhume shi da kisan, domin Pinal Kod ya tanadi hukuncin mai zuga da mai haɗa baki. Sau nawa aka yi? Yaron ake kamawa don shi ne a wurin, shi ne kuma ba shi da lauya. Tsarin yanzu bai ba uwar mamaci komai ba ita ma. Ba ta san wa'adin da aka yanke ba, ba a tambayarta kafin afuwa, wata rana sai dai ta ji a unguwa cewa wane ya dawo.

Don haka ga roƙona, kuma bai fi ƙarfinku ba. Ku kai wa majalisun jihohinku gyaran doka da zai cire ganin damar Gwamna daga hukuncin yara, ya kuma rufe ƙofar rai da rai marar dubawa, wadda sashe na 37 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta duniya ya haramta, Najeriya kuwa ta amince da ita tun 1991. Alƙalin da ya ji shari'ar ya faɗi mafi ƙarancin wa'adi a fili, gwargwadon munin laifin da shekarun yaron, domin ɗan 13 da ɗan 17 ba ɗaya ba ne, wanda ya soka wuƙa da wanda ya tsaya gadi ba ɗaya ba ne. In wa'adin ya cika a dawo da shi gaban alƙalin Babbar Kotu, ba sai ya nema ba, a karanta rahoton gandirobobi da na likita, a ga me ya koya, wa zai karɓe shi, a gayyaci magadan mamaci su faɗi abin da ke ransu, in akwai hanyar sulhu da diyya a buɗe ta. In alƙali bai gamsu ba ya mayar da shi, ya sa wata ranar. Gyaran kuma ya waiwayi waɗanda ke ciki yanzu, in ba haka ba an yi wa jikoki doka an bar masu ciwon.

Sai tambayar ɗan sandan nan, wadda har yanzu tana nan. Makarantun gyaran tarbiyya na tarayya da aka sani uku ne, Kaduna da Ilorin da Abeokuta, kuma na maza ne. Gidajen ajiyar yara na jihohi kun san halin da suke ciki. Muddin babu wurin da ke da katanga da malami da abinci da za a kai ɗan 15 mai babban laifi, za a ci gaba da rubuta 18, ko nawa kuka fitar da takardun umarni. Jihohi uku ko huɗu maƙwabta za su iya haɗa kuɗi su gina ɗaya, da ɓangaren 'yan mata.

Kafin majalisa ta zauna, akwai abin da za ku iya farawa a wannan watan. A jihohi da dama ku ne ke shugabantar kwamitin da ke ba Gwamna shawara kan afuwa ƙarƙashin sashe na 212. Mutanen da ke jiran hukuncin kisa a ƙasar nan sun haura 3,000, ga masu rai da rai, ga masu jiran shari'a da suka fi kowa yawa. Ku aika wa kowane gidan gyaran hali da ke jiharku takarda mai layi uku: sunan fursuna, ranar da aka yi laifin, shekarunsa a wannan rana. A tambayi mutumin da bakinsa, kada a kwafo daga takardar tuhuma. Inda lissafi ya faɗo ƙasa da 18 a nemo fayil ɗin. Wasu fayilolin gara ta taɓa su, wasu suna ɗaure da igiya a ɗakunan ajiyar da aka daɗe ba a buɗe ba, amma ni da ire-irena tsofaffin magatakarda mun san yadda aka jera su. In an kira mu za mu zo, ba sai an biya mu ba.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi muku jagora.

Naku,
Wani tsohon magatakardar kotu